Hita na cewa digiri 38, ruwa kuma bai kai ba: sensa ce ko wani abu dabam?

Aminu:
Assalamu alaikum, masana. Ina neman shawara kan jakuzi, wato bahon wanka na ruwan zafi, mai cin lita 1,500, hitarsa ta lantarki ce, kilowat 3. An saita shi a digiri 38. Sikirin yana nuna 38, amma ma'aunin zafi mai yawo a kan ruwa yana nuna 34, kuma ko da hannu ana jin ruwan bai kai ba. Hita takan kama, cikin 'yan mintuna lambar ta haura daga 35 zuwa 38, sai ta ɗauke. Jim kaɗan lambar ta sauko, ta sake kamawa. Babu wata lambar gargaɗi a sikirin. An ce mini in sayi sabuwar sensa. Ita ce kuwa?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Kada ka sayi komai tukuna. Idan sikirin da ma'aunin hannu suka saɓa, wuri uku ne ƙaryar za ta iya fitowa: ko ma'aunin da kake gwadawa da shi ne ba daidai ba, ko sensa da wayarta da bod (allon lantarkin da ke sarrafa hita), ko kuma sensa gaskiya take faɗa amma ruwan da ke taɓa ta ba irin wanda ke cikin baho ba ne. Mutane sun fi rugawa ga na biyu saboda shi ne ke da abin saye, alhali na ɗaya da na uku ba sa cin ko sisi wajen gwaji.

Fara da ma'auninka. Waɗannan masu yawo a kan ruwa suna iya kaucewa da digiri ɗaya ko biyu tun suna sababbi, domin sau da yawa takardar lambobin da ke bayan gilashin takan zame. Nemi ma'auni na dijital mai tsinken ƙarfe. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan ya cike ramukan, motsa, ka jira minti biyu zuwa uku, sannan ka tsoma tsinken a tsakiya ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Dole ya nuna sifili, ko kaucewar da ba ta wuce rabin digiri ba. In ya ci wannan jarrabawa, to shi ne alƙali. Sai ka kunna injin famfo ya juya ruwan na minti goma, ka auna a zurfin kamu ɗaya ko biyu, nesa da bakin da ruwan zafi ke fitowa.

Usman:
Ranka ya daɗe, bindigar auna zafi ba ta fi sauri ba? Ita ba sai an tsoma ba.

Injiniya Bala:
Ta fi sauri, amma fatar ruwan kawai take gani. Saman ruwan zafi kullum yana tururi, tururin nan yana sanyaya ɗan siririn saman, kuma yana shiga tsakanin bindigar da ruwan. Karatunta kan zo ƙasa da gaskiya. A kan bututun roba tana da amfani wajen kwatanta na shiga da na fita, amma ba da ita ake yanke hukunci kan sensa ba.

Malam Sani:
Ni na fi zargin sensar, kuma ga dalilina. Kusan duk waɗannan hitoci tamista suke amfani da ita, wato wani ɗan ƙwaya a cikin kube na ƙarfe ko roba wanda turjiyarsa ga wuta ke raguwa idan zafi ya ƙaru. Bod ba ya ganin digiri, om, wato ma'aunin turjiyar nan, kawai yake aunawa ya juya shi zuwa lamba. Saboda haka duk abin da ya rage om, bod zai ɗauka zafi ne. Duk abin da ya ƙara om, zai ɗauka sanyi ne.

Daga nan kake gane alƙiblar matsala. Idan laima ta kutsa cikin kuben, ko ta kwanta a bakin fulogi tsakanin ƙafafu biyu, wuta ta samu wata hanyar gefe, om ya ragu, sikirin ya nuna zafin da babu, hita ta ƙi aiki. Irin abin da Malam Aminu ke gani ke nan. Idan kuma tsatsa ce ta ci mahaɗar waya, om ya ƙaru, sikirin ya nuna sanyi, hita ta yi ta dafa ruwa fiye da kima. In waya ta tsinke ɗungurungum, ko biyun suka haɗu, yawanci bod yakan gane ya ba da lambar gargaɗi. A hitar gas ta Pentair MasterTemp, E01 na nufin sensar ruwa ta tsinke, 126 kuma wayoyinta sun haɗu ko zafin ya wuce digiri 126 a ma'aunin Farenhait. A Hayward za ka ga SF. A akwatunan sarrafa jakuzi na kamfanin Balboa akwai SnA da Snb ga kowace sensa, da SnS idan biyun ba su jitu ba. Wadda ta fi wahalar da mutane ita ce sensar da ta kauce kaɗan, domin bod ba shi da yadda zai san ƙarya take yi.

Gwajinta ba wuya. Kashe bireka, ka tabbatar da mita cewa babu wuta a akwatin, domin wuta mai ƙarfin bolt 230 ko 240 ce ke ciki kuma kana tsaye kusa da ruwa. Zare fulogin sensa daga bod, kada ka auna ta tana haɗe. Sa mita a ma'aunin om 20k. Sensa mai 10k, wato mai om 10,000 a digiri 25, za ta ba ka kusan haka: digiri 10, om 19,900, digiri 20, om 12,490, digiri 25, om 10,000, digiri 30, om 8,060, digiri 35, om 6,530, digiri 40, om 5,330. A kusa da digiri 25, kowane digiri ɗaya yana canja karatun da kusan kashi 4 cikin 100, don haka kaucewar kashi 2 ko 3 ba abin damuwa ba ce, amma kashi 10 ya kai digiri biyu da wani abu.

Garba:
Malam Sani, a ƙara da cewa ba kowace ce 10k ba. Na Balboa 30k ne a digiri 25, na hitocin Raypak masu sikirin kuma 100k. Wani zai auna mai 30k, ya duba jadawalin 10k, ya yar da lafiyayyar sensa. Ko ya sayo wadda fulogin ya shiga daidai amma om ɗin ba ɗaya ba. Littafin na'urar ne zai faɗa maka irin taka.

Malam Sani:
Gaskiya ne, Allah ya ƙara basira. Kuma wajen aunawa kada yatsu su riƙe ƙarfen mita biyun, domin jikin mutum ma hanya ce ga wuta, zai sauke karatun. A 10k zai iya kai digiri guda in hannu na da gumi, a 100k kuwa ɓarnar ta fi haka nesa. A yi amfani da 'yan maƙalai.

Injiniya Bala:
Malam Sani, bayaninka kan tamista babu gyara, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Koma ka karanta yadda lambar ke motsi. Sensar da laima ta shiga ba ruwanta da ko hita na kunne ko a kashe: za ta ƙara digirinta uku a kowane hali, ko ta riƙa tsalle ba tsari. Ta Malam Aminu kuwa tana hawa ne idan hita ta kama, ta sauko idan ta ɗauke, kuma inda take saukowa, 35, dab yake da abin da ma'aunin hannu ya nuna.

Mu yi lissafi. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. Lita 1,500 ke nan suna buƙatar kilowat-awa 1.74 a kan kowane digiri. Hita mai kilowat 3, ko da ba a asarar zafi ko kaɗan, digiri 1.7 za ta iya ƙarawa a awa guda. Digiri uku sai ta yi kusan awa biyu. Babu yadda za a yi ruwan bahon ya tashi daga 35 zuwa 38 cikin mintuna. Abin da ke zafafa da wannan sauri shi ne ɗan ruwan da ke cikin bututun hita, kuma ba ya yin haka sai idan ba ya wucewa da sauri.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin yawan zafin da ruwa ke ɗauka yayin ratsa hita: ninka kilowat da 14.3, ka raba da litar da ke wucewa a minti. Kilowat 3 da lita 100 a minti, digiri 0.4 ne kawai. Da lita 43, digiri ɗaya. Kafin bambancin ya kai digiri uku, gudun ruwan ya faɗi zuwa wajen lita 14 a minti. Wannan ya isa ya riƙe makunnin matsin ruwa a rufe a wasu na'urori, shi ya sa ba a ga gargaɗi ba, amma bai isa ya kwashe zafin daga kan sensa ba.

Malam Aminu, a ina sensar taka take zaune? Kuma yaushe rabon filta da wanki?

Aminu:
Sensa ɗaya ce, a jikin bututun hita ta ɓangaren da ruwa ke fita. Littafin ya ce 10k ce. Filta an fesa mata ruwa, amma ba a jiƙa ta a magani ba. Na samo ma'aunin dijital, a ƙanƙara ya nuna 0.2. A cikin baho 35.1 ya nuna, wato mai yawon ya rage digiri guda.

Garba:
To ga gwaji mafi arha. Kashe wuta, zare filtar gaba ɗaya, ka tabbatar babu ganye ko wani tarkace da zai faɗa ramin, sannan ka kunna na minti goma sha biyar kana kallon sikirin. Idan lambar ta tsaya a 35 ko 36 hita kuma ta ci gaba da aiki ba ɗaukewa, filta ce. Fesa ruwa yana fitar da ƙasa da gashi ne kawai. Man shafawa da sabulu da maiƙon jiki suna toshe zaren filtar ta yadda ido ba ya gani, za ka gan ta fara tas amma ruwa ba ya ratsa ta. Sai an jiƙa ta kwana guda a maganin wanke filta, a ɗauraye sosai. In ta haura shekara ɗaya zuwa biyu tana aiki, canja ta ya fi.

In cire filta bai canja komai ba, bi hanyar ruwan. Duba bawul ɗin da ke gaba da bayan famfo, irin mai zarewa sama ɗin nan yakan zame ya rufe rabi saboda girgiza. Duba ko ruwa ya sauka ƙasa da bakin da ke zuƙa, famfo yana shan iska. Idan ba a daɗe da sake cika bahon ba, iska na iya maƙalewa a famfo: sassauta babbar mahaɗar da ke bakinsa kaɗan har ka ji iska ta fita ruwa ya fara tsartuwa, sai ka ɗaure. Daga nan sai farfelar famfon, wadda gashi da zare ke naɗewa. Kuma a buɗe bakunan fitar ruwa, wasu sukan murɗe su duka su rufe.

Malama Hadiza:
Ina so in ƙara ɓangaren ruwan kansa, domin shi ke kashe sensa tun farko. Idan kalsiyom ya yi yawa kuma pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya haura 7.8, farin ɓawo yana kwanciya a wurin da ya fi zafi, wato kan ƙarfen hita da kuben sensa. Ɓawon ba ya canja om, amma yana sa sensa ta yi nawa: ruwa ya riga ya kai, ita ba ta sani ba sai bayan wani lokaci, sai zafin ya zarce. Yana kuma ƙuntata bututun ya rage gudu. Idan pH ya faɗi ƙasa da 7.2 kuwa, ruwan ne ke cin ƙarfe, ya huda kuben da ƙananan ramuka, laimar da Malam Sani ya ambata ta samu ƙofa. A riƙe pH tsakanin 7.2 da 7.8, kalsiyom kuma, a ma'aunin ppm (kashi cikin miliyan), 150 zuwa 250 a jakuzi, 200 zuwa 400 a wurin ninkaya. Kada a jefa ƙwayoyin kulorin a bakin zuƙar ruwa: idan famfo ya tsaya suna narkewa a wuri ɗaya, da an kunna sai ruwa mai tsami sosai ya bi ta cikin hita. In an ciro sensa an ga ɓawo, a jiƙa bakinta a farin ruwan tsami na girki, wato binega, na ɗan lokaci a goge da tsumma. Ban da sanfefa, ban da wuƙa.

Aminu:
Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin biyu. Sensa a kofin ruwa mai digiri 30 ta ba da om 8,110. A ruwa mai digiri 40, om 5,360. Da na cire filta, sikirin ya tsaya a 36 hita tana ci, kuma ƙarfin ruwan da ke fitowa ya ƙaru sosai.

Malam Sani:
Sensar lafiyarta ƙalau, duka karatun biyu ba su kauce da kashi ɗaya ba. Injiniya ya yi gaskiya. Kuma ka kyauta da ka auna a zafi biyu, domin akwai wadda za ta ba da daidai a 25 ta kauce a 40. Kada dai a bar jakuzin yana aiki ba filta, kuma kada a shiga cikinsa a haka.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Tawa matsalar kishiyar wannan ce. Wurin ninkaya ne da jakuzi a haɗe, hitar gas ɗaya, da akwatin sarrafawa dabam wanda ke ba hita umarni. Akwatin yana nuna 24, sikirin hita yana nuna 28, ma'aunin hannu da na gwada a ƙanƙara shi ma 28. An saita 27, don haka hita ba ta hutawa, gas yana ta tafiya. Na ga akwai wurin daidaita karatu a akwatin. In ƙara 4 kawai?

Usman:
Hajiya, ai don haka aka yi wurin. Ki ƙara 4 ɗin, magana ta ƙare.

Injiniya Bala:
Ranki ya daɗe, kada ki ƙara. Malam Usman, an yi wurin ne don gyara kaucewar rabin digiri ko digiri guda da ke zuwa daga masana'anta. Digiri huɗu ba kaucewa ba ce, lalacewa ce, kuma ba ta tsayawa a huɗu.

A irin wannan haɗi sensa biyu ne. Hita na da tata a bakin shigar ruwa, akwatin sarrafawa kuma na da tasa, wadda ake huda bututu a maƙala, galibi tsakanin famfo da filta. Tunda hita da ma'aunin hannu sun jitu, ta akwatin ce abin zargi. A digiri 28 sensa mai 10k tana ba da om kusan 8,780. Kafin akwatin ya ce 24, yana ganin kusan 10,450. Wato akwai ƙarin om wajen 1,670 da ya shigo daga wani wuri.

In ƙarin nan daga ruɓaɓɓiyar mahaɗa ne, ga abin da zai faru idan aka juya zuwa jakuzi. A digiri 38 sensa na ba da 5,770. Haɗa da 1,670, ya zama 7,440, akwatin zai karanta 32. Kuskuren ya tashi daga huɗu zuwa shida, domin om ɗin sensa ya ragu amma na tsatsar yana nan yadda yake. Da gyaran 4 ɗin, sikirin zai ce 36 alhali ruwa 38 ne. Idan aka saita 40, akwatin ba zai ce ya isa ba sai ruwa ya haura 43. Tun 1979 hukumar CPSC ta Amurka, mai kula da amincin kayan masarufi, ta yi gargaɗin kada ruwan jakuzi ya wuce digiri 40, wato 104 a Farenhait, kuma a nan masu ƙera na'urorin suka tsayar da iyakar saiti. Sama da haka jiki ba ya iya fitar da zafi, mutum ya yi jiri ko ya suma a cikin ruwa. Yara da masu juna biyu da masu ciwon zuciya ma bai kamata su kai 40 ɗin ba. Shi ya sa karatun da ya yi ƙasa da gaskiya ya fi wanda ya yi sama haɗari: na Malam Aminu ruwa mai ɗumi ya ba shi, naki zai iya ƙona mutum.

Garba:
Injiniya, a yi adalci, hitar tana da tata iyakar. Ko akwatin ya ci gaba da kira, sensar hita za ta tsayar a 40.

Injiniya Bala:
Haka ne, in tata sensar lafiya take, kuma a halin da Hajiya ta bayyana lafiya take. Amma ka ga an koma dogaro da kariya ɗaya a wurin da aka tsara biyu. Makunnan kariya da ke bayan wannan, irin masu yankewa a 135 da 140 na Farenhait a MasterTemp, hitar suke karewa daga ƙonewa, ba wanda ke cikin ruwa ba. Kuma tunda maganar ta zo: kada kowa ya haɗe wayoyin makunnin kariya don hita ta ci gaba da aiki. In yana yankewa, akwai abin da ya gani.

Usman:
Na karɓa. Amma ko tsawon waya ne ya kawo ƙarin om ɗin? Wani lokaci akwatin yana nesa da famfo.

Malam Sani:
A'a. Siririyar wayar da ake ja wa sensa, lamba 22, om 53 take da shi a kilomita guda. Ko mita 30 ce, zuwa da dawowa om 3 ne da 'yan kai, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ba. Tsawo ba ya komai a 10k. Abin da tsawo ke kawowa shi ne mahaɗa, inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da salatif aka bar su a ƙasa cikin laima. Sai kuma idan an zura wayar sensa a bututu ɗaya da wayar wutar famfo, musamman famfo mai sauya gudu: a nan lambar tana rawa ne, ta hau ta sauka da kunnawar famfo, ba ta tsaya a kuskure ɗaya ba.

Hajiya, ga yadda za a raba gardama. A kashe bireka. A kwance wayoyi biyun daga akwatin a auna om a nan. Sannan a je kusa da sensa, a yanke kafin mahaɗa ta farko, a auna sensar ita kaɗai. In a akwatin an samu 10,400 a sensa kuma 8,800, waya ce ko mahaɗa: a ja sabuwa guda ɗaya ba haɗi, in kuma dole ne a haɗa, a yi da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi mai gam a ciki. In duka wurin biyu 10,400 ne, sensar ce ta tsufa, a canja ta. In duka 8,800 ne amma sikirin na cewa 24, to saura bakin sukurorin akwatin da bod ɗin kansa. A duba koren tsatsa a sukurori, a kankare, a yanke bakin waya a feƙe sabo.

Gwajin bod kuwa da rizista ake yi, wato ɗan ƙwaya mai tsayayyen om da ba ya bin zafi. A ɗaura rizista mai om 10,000, mai kaucewar kashi 1, a gurbin sensa. Sikirin dole ya nuna 25, ko 77 in a Farenhait yake. A sake da mai 6,800, ya nuna 34. In ya nuna haka, bod ba shi da laifi. A rufe gas ko a kashe umarnin hita kafin wannan gwaji, kuma a cire rizistar nan take, domin muddin tana ciki akwatin ba ya ganin ruwa ko kaɗan.

Malama Hadiza:
Kafin a yanke waya, a duba ko wani ya taɓa shigar da gyaran karatu a baya. A mayar da shi sifili sannan a fara aune-aune, in ba haka ba duk lissafin zai rikice.

Garba:
Wani abu game da wurin ninkaya wanda ba ya faruwa sosai a jakuzi. Ruwa mai yawa yana yin hawa-hawa. Idan an rufe shi da bargon roba a rana, kamu ɗaya na sama zai iya fin na ƙasa da digiri da yawa. Wanda ya auna a sama zai ce hita ƙarya take, alhali famfo daga magudanar ƙasa yake ja. A karkatar da bakunan dawowar ruwa su kalli ƙasa, a bar famfo ya yi aƙalla rabin awa kafin a kwatanta. Kuma duk lambar da aka gani famfo a kashe, ba ta ruwan wanka ba ce, ta ruwan da ke kwance a bututu ce: da rana ta yi sama, da asuba ta yi ƙasa. Shi ya sa akwatunan Balboa ke nuna layi biyu a maimakon lamba har sai famfo ya yi minti ɗaya ko biyu yana gudu. Sensar da aka maƙala a saman bututu inda rana ke dukanta, ko inda iska ke taruwa a ciki, ita ma takan ƙara digiri da tsakar rana. Gefen bututu ya fi, a kuma lulluɓe ta.

A hitar gas akwai wata hanyar da sikirin ke nuna zafi fiye da gaskiya. A cikin kan hitar akwai bawul na ratse mai sifirin da ke raba ruwa, da wani mai buɗewa da zafi. In sifirin ya karye ko bawul ya maƙale, ko gudu ya yi ƙasa, ruwan da ya riga ya yi zafi yana komowa wajen sensar shiga, lambar ta yi tsalle da zarar wuta ta kama. Sau da yawa za a ji hitar tana ƙara kamar ana buga ƙarfe a ciki. A fara da agogon matsin ruwa na filta: in ya haura karatunsa na lokacin da take da tsabta da 8 zuwa 10 a ma'aunin psi, a wanke. A sabon haɗi kuma a tabbatar ba a juya bututun shiga da na fita ba.

Usman:
Hita mai kwamfreso fa, wadda ke jan zafi daga iska?

Malam Sani:
Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai sensocinta sun fi yawa: ta ruwan shiga, ta ruwan fita, ta iska, ta jikin kwayil. Fuloginsu kan yi kama, don haka bayan gyara a kan musanya su a bod. Alamar ita ce sikirin ya nuna ruwan fita ya fi na shiga sanyi alhali tana dumamawa, ko zafin ruwa ya riƙa bin zafin rana. A ɗauki hoton bod kafin a zare komai. Bambancin shiga da fita a irinta ƙarami ne, wajen digiri ɗaya zuwa biyu, in ya yi yawa a ƙara ruwan da ke bi ta cikinta daga bawul ɗin ratse na waje. Wasu sensocinta a cikin wani ɗan rami na ƙarfe suke zaune ba sa taɓa ruwa, in ta zamo waje ko man da ke kai mata zafi ya bushe, iska take aunawa.

Hajiya Rabi:
An auna. Gyaran karatu yana sifili. A bakin akwatin om 10,380, a sensar ita kaɗai 8,830. An samu mahaɗa a bayan famfo, ta yi kore, tana taɓawa tana marmashewa. Tunda an riga an yanke, a canja sensar ma gaba ɗaya, ko a bar ta?

Malam Sani:
Ranki ya daɗe, 8,830 a digiri 28 daidai ne, ba ta buƙatar canji. Sai dai a duba jelar wayar da ta rage a jikinta. A feƙe, in jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli, a haɗa da dalma a rufe yadda na faɗa, a ɗaga mahaɗar daga ƙasa, a sa wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta kai gare ta don ruwan sama ya ɗiga a can. In kuwa an feƙe an ga baƙi ko kore ya bi zaren har kusa da kuben, laima ta riga ta yi nisa, a sa sabuwa mai lamba ɗaya da ta littafin. Wajen sawa a kashe famfo, a saki matsin filta, a sa sabuwar robar zobe, a ɗaure maɗaurin daidai kada a matse har robar ta fito gefe. Bayan an kunna a bar ruwa ya yi minti goma yana gudu, a kwatanta akwatin da sikirin hita da ma'aunin hannu a wurin ninkaya, sannan a juya zuwa jakuzi a sake kwatantawa a 38 kafin kowa ya shiga. In abin da ya rage bai wuce digiri guda ba a duka biyun, a nan ne za a iya taɓa wurin daidaita karatu.